Tabon Hannun Inna a Allon Majigi

Na zo Landan a ƙarshen shekarun tamanin, bayan na yi shekara bakwai ina aikin likita a gida. A can ni ke riƙe da ɗakin majinyata maza gaba ɗaya, ni ake kira in abu ya gagara. A nan kuwa sai aka mai da ni ƙaramin likita a wani tsohon asibitin koyarwa, ina ɗibar jini, ina rubuta takardun sallama, ina bin bayan yaran da na girme su. Ban damu ba. Ƙwarewa a kan ciwon zuciya na zo nema, kuma na yarda in sake farawa daga ƙasa.

A matakalar da ke kaiwa babban ɗakin lacca akwai hotunan manyan likitocin tarihi, an jera su tun daga ƙasa har sama. Na san su duka tun ina ɗalibi. Ga wanda ya nuna cewa zuciya ce ke harba jini ya zagaya jiki ya dawo. Ga wanda ya bi gida gida lokacin annobar amai da gudawa, har ya gano cewa daga famfo guda cutar ke fitowa, ya sa aka cire hannun famfon. Ga wanda ya koya wa masu fiɗa wanke kayan aikinsu da magani. Ga kuma likitan ƙauyen nan da ya ɗebi ruwan ƙurjin shanu ya yi rigakafin agana da shi. Ranar farko da na hau matakalar sai da na tsaya a gaban kowanne. Ina son mutanen nan, kuma ban daina ba. Ina faɗar haka ne don kada a ɗauka da su nake faɗa.

Muna zaune a Thamesmead, hawa na takwas, ni da matata da 'yarmu mai shekara biyar. Siminti ne ko'ina, iska kuma tana kaɗowa daga kogi ta shiga ƙashi. Da matata ta haifi na biyu, sai mahaifiyata ta zo ta taya ta jego. Inna muke ce mata. Ba ta taɓa hawa jirgin sama ba sai wannan karon. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika kallona ido da ido ba. In tana son wani abu sai ta ce wa matata, "Faɗa wa wancan ya rage wutar nan, gidan ya yi zafi."

Matata ce ta fara lura da kumburin ƙafafun Inna. Wata rana lif ya lalace, suka hau matakala da kayan miya daga Peckham, Inna ta zauna a hawa na uku ta kasa tashi. Da na dawo daga aiki na ɗauko abin sauraren ƙirji, ta ce ita sam ba za ta buɗe wa ɗan fari ƙirjinta ba. Sai da matata ta yi ta lallashi, ta rufa mata mayafi, sannan na saurara ta baya. Ruwa ya taru a huhunta. Washegari aka ba ta gado a asibitinmu, a ƙarƙashin maigidana a wurin aiki, wato Farfesa.

Farfesa dogo ne, mai furfura, mai taushin murya. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba, likita ne na gaske. Yakan ɗora yatsu biyu a wuyan hannun mutum ya faɗi abin da na'ura za ta nuna bayan kwana uku. Ban da aikin zuciya, shi ke ba da laccar tarihin likitanci sau ɗaya a kowane zangon karatu, kuma ɗakin kan cika har wasu su zauna a ƙasa.

Ranar Alhamis da safe muka zo zagayen duba majinyata, shi a gaba, mu ƙananan likitoci a baya, sai ɗalibai kamar goma sha biyu. Ya san mahaifiyata ce, don ni na roƙe shi ya karɓe ta. Ya duba ta da kyau, ya canza mata ƙwaya ɗaya, ya ce cikin mako za ta hau matakala. Har ya juya zai wuce, sai idonsa ya sauka a hannunta na hagu. Sama kaɗan da wuyan hannun, kusa da warwaron azurfar da ba ta taɓa cirewa ba, akwai wani tabo mai faɗin kwabo, ya lotsa ciki, gefensa a tattare. Tun ina jariri nake ganinsa.

Bai ce mata komai ba. Ya kama hannun ya ɗaga sama, ya juya shi wajen taga.

"Ku matso," ya ce wa ɗaliban. "Ba lallai ku sake ganin irin wannan ba. Wa zai faɗa mini ko mene ne?"

Wani ya ce ƙuna. Wata ta ce tsagar ƙabila. Suka yi ta leƙe, wata ma ta sa yatsa ta shafa. Inna tana kwance, hannunta a sama, ta kafe ido a rufin ɗakin.

Ya ce, "Aikin boka ne. Sukan yanka fata su cusa mugunyar mai agana a ciki. Wasu su rayu, wasu su mutu." Ya dube ni. "Likita, tambaye ta wa ya yi mata wannan."

Na sunkuya na ce, "Inna, wai wa ya yi miki tabon nan?"

Ta ce, "Kai ba ka sani ba? Babana mana."

Na sani. Kakana wanzami ne, shi ne ma sarkin askar garinmu. Na miƙe, idanu goma sha wani abu a kaina, na ce da Turanci, "Ta ce wani mutumin ƙauye ne."

Haka na faɗa. Ba wanda ya tilasta ni.

Farfesa ya ce a kira mai ɗaukar hoto na asibiti. Ya ce in gaya mata za a ɗauki hannun don a sa a fayil ɗinta. Na gaya mata. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da la'asar da na koma ni kaɗai, na tarar matata tana zuba mata kunu. Inna ta ce wa matata, ba ni ba, "Shi wannan dattijon, ba a gaisuwa ne a garinsu? Ya kama hannun matar mutane kamar yana taya akuya."

Matata ta yi dariya. Ni ma na yi, don in rufe abin da ke raina.

Maganin ya yi aiki kamar yadda ya ce. Inna ta dawo gida, kumburin ya saɓe, ta ci gaba da yi wa jariri wanka a bahon roba. A cikin waɗannan makonni ne 'yata ta tambaye ta labarin tabon. Yarinyar tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, Inna kuwa ba ta jin ko kalma, duk da haka sukan yini suna hira. Ina zaune a gefe da littafi, sai na ji abin da ban taɓa tsayawa na saurara ba.

Ta ce shekarar tana 'yar bakwai ko takwas agana ta shigo ƙasarsu da rani. Garin da ke gabas da su, kullum sai an fita da gawa. Babanta ya yi tafiyar yini guda yana neman wanda cutar ta kama da sauƙi, mai ƙuraje jefi-jefi, wanda ya fara warkewa. Da ya same shi ya ɗebo ruwan ƙurjin a cikin ƙaramin kara ya toshe bakinsa. Da ya dawo bai taɓa ɗan kowa ba sai da ya fara da nasa. Su shida ya jera a zaure, ya tsaga wa kowa hannu da bakin aska, ya shafa, ya ɗaure da tsumma. Sannan ya kai su wata bukka a bayan gona, ya hana kowa zuwa sai kakarsu wadda ta taɓa yin cutar, ita ke kai musu kunu da ruwa.

"Na yi zazzaɓi kwana uku," in ji Inna. "Ƙuraje suka fito mini kaɗan a goshi da ciki. Shi ke nan. Amma ƙanwata, mai bi mini, ita abin ya feso mata gaba ɗaya. Ranar tara ta rasu. Babanmu da hannunsa ya haƙa kabarin."

'Yata ta tambaya da Turanci ko mutanen gari sun yi fushi da shi. Matata ta fassara.

"Wane fushi? Layi suka yi a ƙofar gidanmu da 'ya'yansu. Sun ga mu biyar muna yawo a gari agana ba ta kulawa da mu. Amma duk wanda ya zo sai ya gaya masa, ni fa tawa ta mutu, ka yi shawara." Ta juya jaririn ta shafa masa mai a baya. "Da aka daɗe, masu lamba na gwamnati suka zo da tasu allurar, mutane suka ɓoye yara a rumbu. Shi ya bi gida gida yana fito da su. Ya ce tasu ta fi tawa, tasu ba ta kisa. Daga ranar bai sake yi wa kowa ba."

Na rufe littafina na shiga ɗaki.

Wata uku bayan haka aka yi laccar tarihi. Na samu wuri a tsakiya, kusa da wani likita ɗan Indiya da muke aiki tare. Aka rage fitila, majigi ya fara jefa hotuna a allo. Farfesa ya iya magana, wallahi ya iya. Ya fara da tsohon Girka mai rantsuwar likitoci, ya tsallake shekara dubu da ɗoriya da jimla guda, ya ce a tsakani ba abin da ya faru sai addu'a da camfi. Ya zo kan mai zagayen jini, ya zo kan mai famfo. Ya ba da labarin likitan nan da ya ce wa abokan aikinsa su wanke hannu kafin su karɓi haihuwa, suka yi masa dariya har ya mutu a wulaƙance. Ya ce darasin shi ne, kada girman kai ya hana likita jin gaskiya daga bakin wanda ya raina. Na gyaɗa kai tare da kowa.

Sai ya ce, "Yanzu agana. Amma kafin mu ga haske, bari mu leƙa duhu."

Majigi ya yi ƙas. Hannu ya cika allon, tsawonsa ya fi mutum. Ga tabon, ga warwaron azurfa, ga gefen zanen atamfa mai ruwan goro da ni na saya wa Inna a shagunan Rye Lane.

Ya ce, "Wannan bai fito daga gidan tarihi ba. Da ƙafarsa ya shigo ɗakin majinyatana, kai tsaye daga filin jirgi." Aka yi dariya. Ya ce haka duniya take kafin kimiyya ta iso: boka, wuƙa mai tsatsa, da mugunya. Ya ce Afirka ta ba likitanci cututtuka masu yawa da majinyata masu yawa, amma har yanzu yana jiran ta kawo dabara guda. Aka sake dariya, ba duka ba, amma an yi. Sai ƙas, hannun ya ɓace, fuskar likitan ƙauye mai ƙurjin shanu ta maye gurbinsa.

Ban ji sauran laccar ba. Abokina ɗan Indiya ya san zanen, don ya taɓa zuwa gai da Inna. Ya dafa mini gwiwa ya ce a hankali, "Bar shi. Saura wata huɗu a sabunta maka aiki."

Da aka kunna fitila aka ce ko akwai tambaya, na miƙe. Na ce, "Hannun da ka nuna na mahaifiyata ne. Tana da rai, tana gidana. Wanda ya yi mata tabon mahaifinta ne, ba boka ba ne, kuma askarsa ba ta tsatsa. An ce mata fayil za a sa hoton. Ba wanda ya gaya mata za a rataye ta a bango a yi dariya."

Farfesa ya cire tabarau ya goge a hankali. Ya ce ya yi baƙin ciki in raina ya ɓaci. Ya ce ba a nuna fuska ba, ba a faɗi suna ba. Sannan ya ce, "In ban manta ba, an nemi izininta ta bakin tafinta, kuma kai ne tafintan. Kai ne kuma ka ce mana wani mutumin ƙauye ne. Da ka ce kakanka ne, da na zaɓi wasu kalmomin."

Na ratsa ta gaban gwiwoyin mutane na fita.

A bas ɗin komawa gida, mai hawa biyu, na hau sama na zauna a can gaba. Tafiyar ta fi awa. Duk tsawonta ina shirya amsoshin da ya kamata in ba shi, kowacce ta fi ta baya kaifi, ba kuma wadda ta goge abin da ya faɗa. Na tarar Inna tana sallar la'asar a falo. Na ja matata kicin na rufe ƙofa na gaya mata. Ita malamar tarihi ce a gida kafin mu taho. Ta saurara har ƙarshe tana yanka albasa.

Ta ce, "To, Baban yara, ka yi fushi. Sai kuma me? Da ya ce ba mu kawo komai ba, me ka ce masa?"

Na ce ban ce komai a kan wannan ba.

"Don ba ka sani ba. Ka haddace sunayen mutanen matakala, amma ba ka san abin da ya zo kafinsu ba. Je ka karanta. In za ka yi faɗa, ka yi da abu a hannunka."

Na ji haushinta ita ma, amma ranar Asabar na tafi ɗakin karatun asibiti. Sashen tarihi yana can ƙasa, ba kowa sai ƙura da ƙarar bututun ɗumama ɗaki. Asabar huɗu na yi a wurin.

Ban sha wahalar nema ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Komai yana nan a fili. Wani likita a ƙasar Farisa ya rubuta yadda ake bambanta agana da ƙyanda da Larabci, a cikin shekarun nan da aka ce ba abin da ya faru. Tsaga fata a shafa ruwan ƙurji kuwa, an daɗe ana yi a Sin da Indiya da ƙasar Turkawa da Afirka kafin Ingila ta ji labari. Matar wani jakadan Ingila ce ta gani a wurin tsofaffin mata a ƙasar Turkawa, ta sa aka yi wa 'ya'yanta, ta kawo dabarar gida. A Amurka kuma wani bawa da aka kamo daga ƙasashenmu ne ya nuna wa ubangidansa tabon hannunsa, ya bayyana masa yadda ake yi a garinsu, da annoba ta zo aka gwada. Bayan haka likitocin Ingila suka yi shekaru da dama suna yin daidai abin da kakana ya yi, da wuƙa da mugunya, har 'ya'yan sarauta suka yi wa. Wasu sun mutu a hannunsu. Ba wanda ya kira su bokaye. Shi kansa likitan ƙauyen, wanda fuskarsa ta maye gurbin hannun Inna, an yi masa wannan tsagar yana yaro. Abin da ya yi, kuma babban abu ne, shi ne ya musanya ƙurjin mutum da na saniya, ya gwada, ya rubuta, ya nace har duniya ta karɓa. Amma hanyar tsagawar gadonta ya yi.

A lokacin akwai kati a bayan kowane littafi, wanda ya ara sai ya sa hannu. Littafin da ya fi kowanne bayanin wannan, da na juya bayansa, sai ga sa hannun Farfesa har sau uku, shekaru daban daban. Na san sa hannun, kullum ina ganinsa a takardun magani. Da jahilci ne da na yi masa uzuri. Ya sani. Ya karanta labarin bawan nan sau uku, sannan ya hau mumbari ya ce yana jiran Afirka ta kawo dabara guda, don ɗalibai su yi dariya.

Na rubuta takarda shafi biyu, na nemi ganinsa. Sakatariyarsa ta ba ni minti goma ranar Talata. Ya karɓe ni da fara'a, ya nuna mini kujera. Ban zauna ba. Na ajiye takardar da littafin a teburinsa, na buɗe wurin katin.

Ya duba ya yi murmushi. Ya ce, "Ka yi aiki. Duk abin da ka rubuta gaskiya ne. Amma lacca awa guda ce, dole a taƙaita. Ɗalibai hoto suke riƙewa, ba bayani ba. Kuma kada ka manta, hanyar nan tana kisa."

Na ce, "Na sani. Ta kashe ƙanwar mahaifiyata. Wanda ya yi mata shi ya binne ta, kuma duk wanda ya zo bayan haka sai ya gaya masa. In hoton tsaga kake so, me ya hana ka nuna zanen likitocin nan garin suna yi? Suna cikin littafin, shafi na nan."

Ya ce, "Ba su da ƙarfi kamar hoto na gaske."

"Ina son a ba ni hoton."

Ya ce hoton mallakar asibiti ne. Na ce hannun mallakar mai shi ne, kuma da ƙarya aka ɗauka, ƙaryar da ni na isar, ina shirye in rubuta haka ga hukumar asibiti da sa hannuna. A nan fara'ar ta ɗauke. Ya ce ni likita ne mai kyau, hannuna na da kyau, abin takaici ne in bar siyasa ta shiga tsakanina da aikina. Ya ce wannan fanni ƙarami ne, kowa ya san kowa. Na ce na gode, na fita. Sai da na kai matakala na ga na bar littafin ɗakin karatu a teburinsa, na kuma rantse ba zan koma ɗauka ba.

Ba a sabunta mini aiki ba. Ba wanda ya ce saboda wannan ne, an ce gurbi ne babu. Takardar shaidar da ya rubuta mini layi uku ce: na yi aiki a ƙarƙashinsa daga wata kaza zuwa wata kaza, ina zuwa a kan lokaci, Turancina na da kyau. Duk wanda ya san yadda ake karanta irin waɗannan takardu ya san abin da take nufi. Na nemi gurbin zuciya a asibitoci tara, ko kira ba a yi mini ba. Shekara biyu na yi ina cike gurbin likitocin da suka tafi hutu, mako biyu nan, wata guda can. Daga baya na haƙura na koma horon likitan unguwa, na ƙare a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a Catford, inda na yi sauran shekarun casa'in ina duba hawan jini da tarin yara. Aiki ne mai albarka, na ji daɗinsa. Amma ba shi na zo nema ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na yafe ba. Abokina ɗan Indiya ya zama babban likitan zuciya. Ya gaya mini laccar ta ci gaba yadda take har Farfesa ya yi ritaya, sai dai an sa hoton wani hannun daban.

Hoton kuwa ya zo. Bayan Inna ta koma gida da kamar wata biyu, na ga ambulan mai ruwan ƙasa a akwatin wasiƙunmu. Ba wasiƙa a ciki, ba sa hannu. Ɗan fim ne guda a cikin farin firam na roba, bai fi kwalin ashana faɗi ba. Na sa shi a aljihun jakata, ya yi shekara uku a wurin, sai da na samu zuwa gida hutu.

Na same ta a tsakar gida da hantsi tana tsince shinkafa. Duk tsawon lokacin ba ta san abin da ya faru ba, mun ɓoye mata. Na zauna a bakin tabarma na miƙa mata. Ta juya shi gaba da baya, na nuna mata yadda za ta ɗaga shi sama ta kalli haske. Ta runtse ido ɗaya.

Ta ce, "Au, hannuna ne. Warwaron ya fito da kyau."

Na gaya mata duka. Allon, dariyar, tashin da na yi, aikin da na rasa. Tana ji tana tsintar shinkafarta. Da na zo kan littattafan, na ce mata abin da Baba ya yi, manyan likitocin Turawa ma sun yi, kuma daga wurin irinsa suka koya. Ta ce, "To." Bai ba ta mamaki ba ko kaɗan.

Sai na ce, "Inna, akwai saura. Ranar da ya ce in tambaye ki wa ya yi miki, kika ce Baba. Ni ban faɗa musu haka ba. Cewa na yi wani mutumin ƙauye ne."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ta ɗago ta dube ni sosai, abin da ba ta saba ba. Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ranar da aka ɗauke ka makarantar kwana, shi ya yi maka aski. Da ka tafi ya zauna a zaure yana gaya wa duk wanda ya shigo, jikana zai yi karatun asibiti, zai san abin da ni ban sani ba." Ta juya ɗan fim ɗin a hannunta. "Shi ɗan ƙauye ne, ba ka yi ƙarya ba. Sai dai ba wani ba ne."

Ta ƙulle ɗan fim ɗin a bakin zanenta, ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Tashi ka je ka gai da kawunka. Shi ke riƙe da zabirar askar Baba yanzu, kuma ƙafa na damunsa. Ka tafi da abin awonka."

Na ɗauki jakata na tafi. Na same shi a ƙofar gida yana yi wa wani dattijo aski, na jira ya gama, sannan na durƙusa na gaishe shi, na ce ya miƙo ƙafar in gani.